Akwai maganin sha da ke kashe HPV, ko sai na shafawa?

Ƴar Bagalam:
Assalamu alaikum. Wata ƴar'uwa ce ƙuraje suka fito mata a gaba, masu kama da zankon zakara, ba zafi sai ɗan ƙaiƙayi. A asibiti an ce HPV ne, wata ƙwayar cuta da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Wani mai tallan magani ya ba ta asikilobir, ya ce na kashe ƙwayar cuta ne, kwali biyu ta shanye ba canji. Akwai wanda ya fi shi ƙarfi? Kuma wannan ce cutar da ke zama kansar bakin mahaifa?

Mai farmasi, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ta bar asikilobir ɗin nan. Maganin harfis ne, ƙurajen nan masu ruwa da raɗaɗi. Sai wani sinadari da ƙwayar harfis ke yi ya tayar da shi a jiki kafin ya yi aiki, HPV kuwa ba ta da shi. Har yau babu ƙwaya ko allurar da ke fitar da HPV. Jiki ne ke korar ta da kansa, kusan 9 cikin 10 kafin shekara 2. Abin da ake yi wa magani shi ne tsiron da ta fitar.

Na shafawa a gida da aka fi amfani da su biyu ne, duka da takardar likita. Fodofilotoksin 0.5%: safe da yamma kwana 3, hutu kwana 4, a maimaita har sau 4. Da tsinken auduga ake ɗiga shi kan tsiron kaɗai, kar ya wuce rabin mililita a yini, a bari ya bushe kafin a sa tufa. Masu ƙonewa yawanci su ne masu tsallake kwanakin hutu don sauri. Imikimod 5% kuma sau 3 a sati lokacin kwanciya, a wanke da sabulu bayan awa 6 zuwa 10, har sati 16. Shi garkuwar fata yake tayarwa, don haka ja da ɗan kumburi ba abin tsoro ba ne, sai in wurin ya zama gyambo. Yana lalata kwaroron roba, kuma ba ya jure zafin da ya haura digiri 25. Wanda ya yini a faranti cikin ranar Afrilu ta Maradi, ni ba zan saye shi ba.

Ungozomar asibiti, Zariya:
Malam ya faɗi gaskiya, amma kafin a shafa komai a tambaye ta ko tana da ciki. Mai ciki ba ta taɓa fodofilotoksin ko ɗan'uwansa fodofilin, imikimod ma ana barin sa sai ta haihu. Abin da ake yi mata shi ne asid ɗin TCA 80 zuwa 90%, ma'aikaci ne ke ɗiga shi sau ɗaya a sati, ya jira wurin ya yi fari kafin ta tashi, don ruwa ne tsinkakke mai gangarawa. Ko a daskarar da tsiron da sanyi. Wanda ke cikin farji ko dubura ba aikin gida ba ne ko kaɗan. Don Allah a daina sa kanwa, tafarnuwa ko reza.

A yi mata gwajin sida da na tunjere. Tunjere na fitar da tsiro mai faɗi da danshi da ke ruɗin ido, shi kuwa allurar fenisilin ce maganinsa.

Likitan mata:
Hajiya, tambayarki ta biyu ta fi nauyi. HPV nau'i-nau'i ce: tsiron waje yawanci nau'i na 6 da 11 ne, ba su ke kawo kansa ba. Nau'i na 16 da 18 ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na kansar bakin mahaifa, kuma ba sa nuna alama shekara da shekaru. Mace na iya ɗaukar duka a tare, shi ya sa bacewar ƙuraje ba ta isa shaida ba.

In ta kai shekara 30, ko 25 ga mai sida, ta je sashen mata na Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta nemi a duba bakin mahaifa. Ana shafa ruwan asid asetik 3 zuwa 5%, a jira minti ɗaya, inda ya fara lalacewa sai ya yi fari. Ƙarami ana ƙona shi da na'ura mai zafin digiri 100 na daƙiƙa 20 zuwa 30. In ya yi faɗi ko ya shige ciki, a yanke da zoben waya mai lantarki. Bayan an yi aikin, ruwa zai riƙa zuba har kusan wata, ba saduwa sati 4, a dawo bayan shekara. Zazzaɓi, wari ko jini mai yawa ba sa jiran ranar komawa.

Tsiro ya kan dawo, an fi gani a wata 3 na farko. Ba lallai maigida ne ya sake kawo shi ba, kuma ba a iya sanin yaushe aka ɗauka, kar a tada rigima a gida kan wannan. Shi ma a duba shi in yana da tsiro. Rigakafin HPV na ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14 kariya ce kafin kamuwa, ba ta warkar da wadda ta riga ta shiga.

Ƴar Bagalam:
Allah ya saka da alheri. Ta ce al'adarta ta makara sati biyu, to gwajin ciki za mu fara yi gobe in sha Allah.