Minshari mai ɗauke numfashi: abin da na tsinta daga hirarmu

Jama'a, ga taƙaitawar abin da aka tattauna kan ɗaukewar numfashi cikin barci, wato maƙogwaro ya toshe, iska ta tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, mutum ya zabura yana haki ya koma barci bai ma sani ba.

Kusan kowa ya ce a fara da tambayar wanda kuke kwana ɗaki ɗaya, don mai minshari ba ya jin nasa, in kuma kai kaɗai kake to ka kunna rikoda a waya ka ajiye gefen filo, da safe ka saurara ko akwai inda minsharin ke katsewa shiru sannan ya dawo da gurnani. Ni wannan ta fi birge ni gaskiya.

An kawo tambayoyin STOP-BANG guda 8, waɗanda likitoci ke amfani da su wajen auna haɗarin wannan matsalar: minshari mai ƙarfi, gajiya da rana, an ga numfashinka na tsayawa, hawan jini, BMI (ma'aunin nauyin jiki bisa tsawon mutum) sama da 35, shekaru sama da 50, kewayen wuya wajen santimita 40 zuwa sama, da kasancewa namiji. Amsa eh ga uku daga ciki ma ya isa a ga likita, biyar kuwa haɗarin babba ne. Ciwon kai da bushewar baki da safe su ma alamu ne.

Agogon zamani da na'urar yatsa mai auna iskar oksijin an yi ta musu a kansu, ƙarshe dai aka yarda suna ba da haske ne kawai, gwajin barci na likita ke tabbatarwa. Kafin nan a kwanta ta gefe, kuma mai gyangyaɗi don Allah ya bar tuƙi.