Kwanbatin: "sake zubi" ya kamata mu ce

Assalamu alaikum. Akwai kalmar da nake so mu tsayar wa Hausa, don ta jima tana damuna: "kwanbatin", wato sauya tsarin bidiyo don wata na'ura ta iya karanta shi.

Bayan bikin ƙanwata a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, Inna ta ce ita ba za ta kalli kamun amarya a tafin hannu ba, a sa mata a talabijin maƙwabta ma su gani. Muka tura bidiyon a filas, muka soka a na'urar DVD, aka tayar da janareta. Na'ura ta ƙi karantawa. Ranar kasuwa na kai wa mai turi, ya duba ya ce, "Malam, sai an yi kwanbatin." Ya yi, ya kuma kama. Da Inna ta tambaye ni abin da aka yi wa bidiyon, sai na rasa Hausar da zan ba ta.

Kafin a laƙaba wa aiki suna, a san aikin. Yawancin wayoyi suna ɗaukar hoto 30 a kowace daƙiƙa, su matse shi da tsarin matse bidiyo na H.264 ko H.265, su ajiye a fayil irin na MP4. Talabijin ɗinmu na da a tsarin PAL yake, hoto 25 a daƙiƙa, kuma faifan DVD da wani tsarin matsewa daban, MPEG-2, yake aiki. Tsofaffin na'urorin da ke ɗakunan iyayenmu ba su san H.265 ba sam. Don haka dole kwamfuta ta warware bidiyon gaba ɗaya, ta sake ƙulla shi yadda na'urar za ta gane.

Wani abokina ya ce a kira shi "juyi". Ban yarda ba, saboda juyi yana da mai shi: almajirin da ya juya littafin malaminsa kwafa ya yi, bai sauya komai ba. "Turi" kuwa daga waya zuwa waya ne. "Canzawa" ta yi faɗi, har kuɗi ana canzawa.

Wani malamin makaranta ya kawo "fassara", kuma na daɗe ina juya ta a raina. Sai dai a rumfar mai turi, in ka ce fim mai fassara, kowa ya san na Indiya ne da aka sa wa muryar Hausa. Rikici za a yi.

Ni wajen masu zubin tukwane na samo tawa, wato "sake zubi". Ana kawo musu tsoffin gwangwanaye da fasassun tukwanen alminiyam, su narka, su zuba a ƙirar ƙasa, tukunya ta fito. Ƙarfen shi ne dai, siffa ce ta sake. Kuma duk narki sai wani abu ya tafi a dattin da ake kwashewa. Haka bidiyo: duk sanda aka sake matse shi, tsabtarsa na raguwa. Shi ya sa tsohon bidiyon 3GP na ƙananan wayoyi, mai faɗin ɗigo 176 da tsayi 144, ba zai taɓa fitowa tar ba ko an mayar da shi girman DVD, 720 da 576. Ƙarfen cokali ba ya cika ƙirar tukunyar biki.

Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali, kalmar ta zo da 'yar'uwarta. Nau'o'in fayil irin su MP4 da AVI mazubi ne kawai, hoto da sauti suna ciki. Wanda ya goge .mp4 a sunan fayil ya rubuta .avi, ko mazubin bai sauya ba, rubutun jikin buhu ya canza, balle a ce ya sake zubi.

Na san za a ce ai akwai zubin adashi. Gaskiya ne, amma ba wanda zai miƙa wa mai turi filas ya ce "a sake mini zubin wannan zuwa na talabijin" a zaci maganar adashi yake.

Masu turi na Gumel, Haɗejia da Dambatta, don Allah ku gwada ta a kan masu zuwa rumfunanku mako guda, musamman dattawa, ku dawo mana da abin da kuka ji.