Ina neman taimako kan lissafin nauyin gungun galaksi na Coma

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu karatun sararin samaniya. Ina ƙoƙarin auna nauyin gungun Coma da ƙa'idar biriyal (wadda ke fitar da nauyin gungu daga gudun galaksin cikinsa da girmansa), hanyar da Fritz Zwicky ya bi a 1933. Na ɗauko bayanan karkatar haske zuwa ja (wadda ke nuna gudun galaksi) daga SDSS, wani babban shirin binciken sararin samaniya, na fitar da bambancin gudun galaksi (σ), ya zo kusan kilomita 1000 a daƙiƙa, kamar yadda aka sani.

Inda na cije shi ne R, wato nisa daga tsakiyar gungun zuwa bakinsa, a cikin M = 5σ²R/G (M nauyi ne, G kuma adadin dindindin na ƙarfin jan nauyi). Idan na sa megafasek 1.5 (megafasek ɗaya kusan shekarar haske miliyan 3.26 ne), nauyin ya kai kusan 1.7 × 10¹⁵ na nauyin rana. Idan na sa 3, sai ya ninka. Wane R ya dace, tunda gungun ba shi da iyaka tsayayya?

Sai kuma rukunin galaksi na NGC 4839 da ke kudu maso yammacin tsakiyar Coma. Ƙa'idar tana buƙatar gungu ya daidaita, shi kuwa wannan rukuni da alama bai gama narkewa cikin Coma ba. In cire shi kafin lissafin σ, ko datse duk abin da ya wuce σ uku ya wadatar? Wannan ya fi damuna.

Don Allah wanda ya taɓa wannan aiki ya haska mini.