Banki sun rufe min katin bashi wai don ba na amfani da shi, dama haka ake yi?

Abban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar banki ku fitar da ni daga duhu, abin nan tun jiya yake cina. Shekara uku da suka wuce bankin da albashina yake shiga suka ba ni katin bashi, kiredit kad ɗin nan fa ba na ATM ba, limit ɗinsa dubu 400. Ni ban ma nema ba, wata ma'aikaciyarsu ce ta dinga zarya ofishinmu har na cike fom ɗin don ta bar ni in sha iska. Sau ɗaya tak na taɓa amfani da shi, taya biyu na saya, kafin wata ya mutu na mayar musu da kuɗinsu, daga nan na cusa shi bayan lasin tuƙi a walat na ce wannan na ranar tsautsayi ne. To jiya ranar ta zo, cikin dare muka kai Hajiyarmu wani asibitin kuɗi suka ce sai an ajiye dubu 150 kafin a ba ta gado, albashi bai shigo ba, na zaro katin da ƙwarin gwiwata, yaron ya zura a POS sau uku yana ƙi, har da goge shi a jikin rigarsa yana hura masa iska ya sake zurawa, shiru. Kuma kwanan watan da ke jikin katin sai baɗi zai ƙare. Ƙanina ne ya fitar da ni kunya da tiransifa. Yau na je reshensu na ci layin awa biyu, wai ai tun wata bakwai baya aka rufe akawun ɗin katin saboda ba ya motsi. Ba kira ba saƙo. Suna da hurumin yin haka kuwa? Kuma zai ɓata min suna idan na tashi neman bashi gaba?

Maman_Walid:
Wa alaikumus salam, ya jikin Hajiya, Allah ya sa kaffara ne. Malam ai wannan doman suke ce masa, wato akawun da aka daɗe ba a taɓa ba, ni ma ya taɓa faruwa da ni, wani akawun da na buɗe tun ina makaranta na manta da shi sai da aka tashi turo min kuɗin gado na tuna. Na je da katin NIN da BVN da hoton fasfo na cike fom suka farfaɗo da shi, ko sisi ba su karɓa ba. Ka koma ka ce a farfaɗo maka kawai, kar ka bari su raina maka hankali.

Kawu_Bala:
Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Maman Walid abin da kika faɗa daidai ne amma ba a nan gizo yake saƙar ba, abu biyu ne daban, na yi shekaru a bayan kanta kafin in ajiye aikin kuma kullum sai mun sha wannan rigimar da kwastoma. Akawun ɗinki kuɗinki ne a ciki, ajiya kika ba su. A ƙa'idar da CBN, wato Babban Bankin Najeriya, ta fitar a 2024, akawun da mai shi bai taɓa ba daga wata 6 zuwa 12 ana ɗaukarsa mara motsi, in ya kai shekara ya zama doman, in ya shekara 10 a haka sai a kwashe kuɗin a mayar wani asusu a CBN, kuma ko a lokacin mai shi ko magadansa suna iya zuwa su karɓa. Farfaɗowa kuma kyauta ce. Shi kuwa katin Abban Ilham ko kwabo nasa babu a ciki, dubu 400 ɗin nan alkawari ne banki ya yi cewa duk ranar da ka so za mu ranta maka har zuwa nan. To mai ranta maka ai yana iya janye alkawarinsa, kuma na tabbata in ka nemo fom ɗin da ka sa wa hannu don yarinyar nan ta bar ka, a cikin ƙananan rubutun da babu mai karantawa za ka ga sun rubuta suna iya rage limit ko rufe katin in sun ga dama.

Dalilinsu kuma ba ɓoyayye ba ne. Da kati suna ci ne ta kuɗin ruwa idan ka jinkirta biya, da ɗan kason da ake yanka duk lokacin da aka zura shi a shago. Kai ba ka jinkiri ba ka sayayya, ga shi sun ware maka kuɗi a littafinsu wanda da sun ba wani mai kashewa, ga kuma tsoron kati da yake kwance mai shi ba ya duba sitetimen, irinsa 'yan damfara suka fi so don sai a daɗe ana ja ba a farga ba. Ni inda na ga laifinsu shi ne rashin sanar da kai, ko doka ba ta tilasta ba mutunci ya tilasta. Amma ka fara duba imel ɗinka har cikin kwandon sifam, da kuma tsohon layinka in ka canza lamba, sau da yawa saƙon yana can yana barci.

Sadiq_Hst:
Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, mu ma nan Amurka haka ne har ma ya fi, zuwana Kano hutun da ya yi tsawo na koma na tarar sun rufe min katina na farko, wanda na fi daɗewa da shi. A nan tun 2010 an hana su cajin mutum kuɗin rashin amfani da kati, to sai suka koma rufewa kawai kuma ba dole ba ne su gaya maka kafin su rufe. Mu zafin da yake mana a maki ne, akwai makin FICO daga 300 zuwa 850 wanda da shi ake duba ka wajen bashin gida da mota har hayar ɗaki wani lokacin. Kusan kashi 30 na makin ya rataya ne a kan yawan bashin da ke kanka, musamman idan aka auna shi da limit ɗinka gaba ɗaya. Misali kana da kati biyu kowanne dala 5,000, ana binka 2,000 a ɗaya, ka ci kashi 20 ke nan, ranar da suka rufe wanda ke kwance sai lissafin ya koma 2,000 cikin 5,000, kashi 40, ba ka ƙara cin ko taro ba amma maki ya faɗi. Dabarar da kowa ke yi ita ce a ɗora ɗan ƙaramin abu na wata-wata a kan katin kamar kuɗin waya, a saita ya dinga biyan kansa daga akawun, shi ke nan kati yana numfashi.

DanKwari_77:
Ni dai wlh Alhaji da ni ne sai in yi musu godiya, sun raba ka da ƙaya. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma kati ne da ka sa hannu ka yarda in ka makara za a ɗora maka ruwa, malamai da yawa ko wannan sa hannun ma ba su yarda da shi ba ko da kana biya a kan lokaci. Mu a Kwari in ta kama mutum cikin dare maƙwabcin shago ake bugawa ko uban adashi, da safe a daidaita. Ka buɗe wani akawun daban ko a Jaiz ko TAJ in kana gudun ruwa, duk wata ka jefa dubu goma-goma, kar ka karɓi katinsa ma don kar hannu ya yi ƙaiƙayi.

Kawu_Bala:
Ɗan Kwari shawararka ta ajiya ta yi, sai dai in ya buɗe ya dinga taɓa shi lokaci-lokaci, kar mu koma gidan jiya irin na Maman Walid. Batun suna kuma Abban Ilham, rufewa don rashin amfani ba ɗaya yake da gaza biya ba, ba tabo ba ne. Abin da nake ji maka shi ne kar a ce akwai wani ɗan cajin shekara ko na kula da kati da ya maƙale a kai kai ba ka sani ba, yana ta haihuwa har ya shiga rahoton tarihin bashinka a matsayin bashin da ba a biya ba, na ga wanda dubu biyu da 'yan kai ta hana shi bashin mota. Ka koma ka ce su ba ka takarda a rubuce cewa ba sa binka komai. Sannan ka nemi rahotonka a CRC ko FirstCentral ko CreditRegistry, kamfanonin da ke adana tarihin bashin mutane, dokar 2017 ta ba ka damar karɓa kyauta sau ɗaya a shekara. In sun ja maka rai ka rubuta ƙorafi su buga maka sitamfi a kwafinka, bayan sati biyu ba amsa ka kai sashen kare masu hulɗa na CBN.

Abban_Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, jikin Hajiya da sauƙi Alhamdulillah, gobe ake sa ran sallama. Kawu ka canka, yanzun nan na tono imel ɗin da na buɗe lokacin bautar ƙasa, ashe shi na rubuta a fom ɗin, ga saƙonsu nan har biyu a tsakanin tallace-tallace wajen dubu huɗu da ban taɓa buɗewa ba. Duk da haka lambar wayata tana hannunsu, kullum suna turo min saƙon barka da Juma'a. Litinin zan koma karɓar takardar nan, katin kam in sun ce in sake cike fom ban jin zan yi.