Dan Allah masu Turanci, "neglect" zan saka ko "abandon" a takardar nan?

Sakataren_Unguwa:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina neman taimakon malaman Turanci dake gidan nan. Nine sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu, an ɗora min rubuta takardar koke zuwa ofishin dake kula da asibitin sha-ka-tafi na unguwa, kuma da Turanci ake so dan waccan da muka kai da Hausa cewa akayi mu je mu fassaro.

Bari in faɗa muku halin da ake ciki dan ku gane abinda nake son faɗa. Ɗakin awo shekara 3 kenan yana yoyo, in damina ta kankama sai kaga ungozoma ta jera bokitai da robobi a ƙasa tana tare ruwa, silin ɗin ma ya rufto ta gefen taga jemagu sun samu gida. Firjin allurar rigakafi mai aiki da sola batirinsa ya mutu tun bara, ranar rigakafi sai an ɗauko allura a kula daga wani asibitin, in ta ƙare da hantsi shikenan mata su goya yaransu su koma gida. Burtsatsen ya lalace, mai naƙuda sai 'yan uwanta sun sayo ruwa wajen 'yan garuwa. Amma fa ma'aikata suna zuwa wallahi, mata biyu da wani dattijo mai bada kati kullum suna nan, kuma ana biyansu albashi.

To ni na rubuta "The government has abandoned our clinic". Shugabanmu yace a'a neglected ake cewa, ma'aji yace ignored yafi, wani ƙaninmu dake jami'a kuma yace a saka negligence zai fi tsoratar dasu. Jiya har bayan isha'i muna musu a ƙofar gidan mai unguwa ba a tsaya akan ɗaya ba. Wanne ne daidai, kuma yaya ake saka shi a jimla? Ranar Litinin muke son kaiwa.

Malama_Ta_Aji_Shida:

Wa alaikumus salam Malam Sakatare, Allah ya saka muku da alheri da wannan aikin. Shugabanku yayi daidai, neglect ce kalmarku, amma bari inyi bayani dan kar ka ɗauka hakanan kawai.

Hanyar da nake bi da ɗalibaina itace in ce musu su fara faɗa min abin da Hausa tukuna, dan mu muna da kalmomin nan tsaf kuma bama haɗa su. In ka yiwa mutum magana yaji yayi banza da kai, ko ka kira waya yaƙi ɗauka, zakace ya share ni, ko yayi biris dani, to wannan shine ignore. In mutum ya kwashe kayansa ya tafi ya bar abu bari na har abada, kamar kwangilar da aka haƙa fandisho aka gudu ciyawa ta cinye wajen, zakace anyi watsi da shi, wannan shine abandon, shi yasa kake jin ana cewa abandoned project. Amma in abu yana hannunka, naka ne ko amana aka baka, baka tafi ba baka yar ba, kawai dai baka bashi haƙƙinsa, ga shi nan a gabanka yana lalacewa a hankali, wannan mu muke cewa sakaci ko rashin kulawa ko halin ko-in-kula, to nan ne gurin neglect.

Ka duba misalin akuya. Wanda ya kai akuyarsa daji ya saketa ya juyo, yayi abandon ɗinta. Wanda tana ɗaure a turke a tsakar gidansa amma ba dusa ba harawa ba ruwa sai randa ya tuna, har ƙashin haƙarƙarinta ya fito, shi neglect yayi. Akuyar maƙwabcinka kuma in ta rame ba za'a ce kai ka yi neglect ɗinta ba, dan ba kai keda nauyinta ba. Wannan ce tsokar kalmar, sai akwai nauyi akan mutum sannan take hawa kansa. Shi yasa ta dace da takardarku, dan in ka rubuta ta kamar kana cewa ofishin ne, wannan asibitin haƙƙinku ne ba alfarma muke roƙo ba.

Asalinta ma daga Latin take, neglegere, wato nec da ke nufin a'a da legere da ke nufin tsinta ko ɗauka. Kaga abu a ƙasa wanda ya kamata ka ɗaga ka ƙi sunkuyawa.

Yadda zaka saka ta: tana zuwa a aikatau tana zuwa a suna kuma rubutun ɗaya ne. Zaka iya cewa "Our clinic has been neglected for three years", ko kace "The building is in a state of neglect", ko "years of neglect". Kar ka saka mata about ko on a gaba, ina yawan ganin yara suna rubuta neglected about the clinic, kuskure ne, kai tsaye take cin abinda ke gabanta. In suna ce to tana ɗaukar of, kamar neglect of duty. Sannan dan Allah ka kiyayi negligible, tayi kama da ita amma ma'anarta abu ɗan mitsitsi wanda bai kai a damu da shi ba, in ka rubuta the damage is negligible ka gaya musu da bakinka cewa ɓarnar ba wani abu bace.

Ita kuma ignore ɗin ma'aji kar ku yar da ita, tana da gurinta. Tunda kace kun taɓa kai takarda, in ba'a amsa ba to letters ɗinku ne akayi ignoring, ginin kuma akayi neglecting.

Abban_Walida:

Malama kin yi bayani mai kyau amma ni gaskiya ban gamsu ba. Mutanen nan in baka buga tebur ba basa ji. Abandon tafi nauyi, tafi zafi, in mai karatu ya gani zai san ranku a ɓace yake. Neglect ɗin nan ni sanyi take min kamar ana lallaɓa su. Kuma a jaridunmu kullum abandoned hospital ake rubutawa ko da akwai mutane a ciki, waye ya taɓa kama su?

Malama_Ta_Aji_Shida:

Yaya Abban Walida na fahimci zafin da kake ji, nima da na karanta maganar bokitan nan raina ya sosu. Amma ka tuna takarda ce zata shiga fayil, wani zai zauna ya nemi ƙofar da zai fita. In suka rubuta abandoned amsar mai sauƙi ce, za'a buɗe rajista ace ga ma'aikata 3 muna biyansu duk wata, ga ranar da aka kai allura, ta ina mukayi watsi da shi? Shikenan an kashe maganar da gaskiya guda ɗaya. Amma neglected ba ta da wannan ƙofar, dan biyan albashi baya toshe yoyon rufi. Kuma akwai matan nan biyu da dattijon, su da suke zuwa kullum cikin wannan hali, in akace abandoned kamar an shafe wahalarsu ne, wani shugaban ma sai ya juya abin kansu yace ashe basa zuwa aiki.

Ɗalibin_Lauya:

Salam. Ni akan negligence ɗin ƙaninku zanyi magana, dan Allah Malam Sakatare kar ka saka ta. Tushensu ɗaya da neglect amma ita ta zama kalmar kotu. In kace negligence kana nufin wani yana da wajibin yin taka-tsantsan akanka, ya saɓa wajibin, kuma saɓawar ce ta jawo maka cutarwa takamaimai wadda zaka iya nunawa. Duk wanda ya shiga ajin shari'a a Najeriya sai ya karanta shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, wata mata ce a garin Paisley na ƙasar Sikotland aka saya mata lemon citta a kwalba mai duhu, ta sha, da aka tsiyaye ragowar tace ga ruɓaɓɓen dodon koɗi ya fito, tayi rashin lafiya ta kai mai kamfanin ƙara duk da ba ita ta sayi lemon da kuɗinta ba. A nan ne alƙali Lord Atkin ya kafa ƙa'idar cewa dole ka kiyaye kar aikinka ya cutar da maƙwabcinka, kuma maƙwabci a nan shine duk wanda aikin naka zai iya shafa kai tsaye. Daga nan dokar negligence ta zamani ta miƙe, mu ma muka gada ta hanyar dokar Ingila.

To kaga in da silin ɗin nan ya faɗo akan wata mai jego Allah ya kiyaye, ta karye, sannan ne za'a fara maganar negligence kuma lauya ne zai rubuta ba sakataren ƙungiya ba. In ka saka ta yanzu, ofishin zasu iya ɗaukar takardar a matsayin barazanar ƙara, su tura ta sashen shari'a, maimakon ta je wajen mai sa hannu a fitar da kuɗin kwano.

Ita neglect ɗin ma dokarmu tasan da ita, a dokar kare haƙƙin yara ta 2003 an jera ta tare da cin zarafi da muzgunawa cikin abubuwan da ba'a yarda a yiwa yaro ba. Dan haka Abban Walida ba kalmar lallaɓa bace ko kaɗan.

Nas_Hajara:

Ni ma'aikaciyar lafiya ce kuma wallahi kalmar nan kullum da ita muke kwana muke tashi. Akwai rukunin cututtuka da Hukumar Lafiya ta Duniya take kira neglected tropical diseases, a cikinsu akwai kuturta da tundurmi da tsargiya da amosanin ido da kurkunu, har rana aka ware musu, 30 ga Janairu duk shekara. Ku lura ba'a ce unknown ba, kowa ya sansu, kakanninmu ma sun sansu da sunansu, da yawansu maganinsu yana nan kuma ba tsada. Abinda ya haɗa su shine masu fama dasu talakawan karkara ne da muryarsu bata kaiwa ko'ina, sai aka bari. Kuma da aka daina bari aka ga aiki, Najeriya an tabbatar ta rabu da kurkunu a 2013, ciwon da in ya shiga ƙauye da damina yake kwantar da manoma.

Wanda yafi taɓa min zuciya shine noma, ba noman gona ba, ciwon nan da ke farawa daga dasashin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai fama da tamowa, cikin 'yan kwanaki ya cinye kumatu da leɓe. In an kama shi da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. A Sakkwato akwai asibiti guda da aka gina dominsa tun 1999, amma shi ciwon ko cikin jerin waɗanda akayi sakaci dasu bai samu shiga ba sai a Disambar 2023, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman a saka shi. Ku duba fa, sai da akayi fafutuka kafin a yarda a kira shi neglected, dan shiga jerin nan shi ke jawo kuɗi da bincike. To Malam Sakatare ka rubuta ta da ƙarfin gwiwa, duk wanda ke ofishin lafiya yasan nauyinta. Kuma shawara, ka fara da maganar firjin nan kafin rufi, dan ajiye allurar rigakafi cikin sanyi abu ne da ake bibiyarsa sosai, yafi saurin tada mutum daga kujera.

Ɗan_Maraɗi:

Sannunku 'yan uwa. Mu nan da Faransanci muke rubutawa, kuma négligence ɗaya ce take ɗaukar duka biyun, sakacin yau da kullum da na gaban alƙali, shi yasa in ɗan Nijar ya koma Ingilishi yake yawan saka negligence a inda neglect ya kamata, ni kaina sai yau na gane bambancin. Na gode Malama. Hajara a ƙara da namu, a Janairun 2025 aka tabbatar Nijar ta kawar da makantar kogi, ciwon nan da cizon wani ƙaramin ƙuda na bakin kogi ke jawowa, itace ta farko a Afirka.

Sakataren_Unguwa:

Kai jama'a Allah ya biya ku, na karanta wa shugaba da ma'aji duka kuma kowa ya yarda. Ga yadda na gyara farkon: "Our primary health centre has been neglected for over three years, and our previous letter on this matter was ignored." Daga nan na fara da firji kamar yadda Hajiya Hajara tace, sai burtsatse, sai rufi, kuma na ƙara layi ɗaya na yabawa ma'aikatan dake zuwa kullum. Gobe da safe zan je in ɗauki hoton silin ɗin da batirin in maƙala a baya. Malama dan Allah in kin leƙo ki duba min, was ignored ne daidai ko has been ignored, kafin in kai a buga.