Sulhu ne ko ciniki? Muhawara kan ƙulla hulɗar Larabawa da Isra'ila

Kawu: Ni dai har gobe ina kan bakana. Takardar ƙulla hulɗa da Isra'ila da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain suka sa wa hannu a Washington ranar 15 ga Satumba 2020 ciniki ce da Amurka, Falasɗinawa ba su ga ko sisi a ciki ba. Ku duba wanda ya biya kowa. Maroko ta amince ta ƙulla hulɗa da Isra'ila a Disamba 2020, nan take Trump ya ce Yammacin Sahara nata ne. Daular Larabawa kuma jiragen yaƙi ƙirar F-35 aka yi mata alkawari.

Malam: Alhaji, kada ka yi musu kuɗin goro. Masar ta gwabza da Isra'ila a 1948 da 1956 da 1967 da 1973. Shugaban Masar Sadat ya zauna da Isra'ila a Camp David ta Amurka a 1978, aka sa hannu a 1979, zuwa 1982 Sinai ta koma hannun Masar. Tun daga nan ba a sake yaƙi tsakaninsu ba. Wannan ai ba ƙaramin abu ba ne ga uwar da ɗanta ke soja.

Kawu: Allah gafarta Malam, ai ka taya ni. Sadat ƙasarsa ya karɓo. Kuma ya ɗanɗana kuɗarsa: aka dakatar da Masar daga Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, aka kwashe hedikwata zuwa Tunis, shi kuma aka harbe shi a wajen fareti a 1981. Bahrain wane taƙi na ƙasa ta karɓo wa wa?

Hajiya: Yaya, su Daular Larabawa cewa suka yi sun hana Firaministan Isra'ila Netanyahu haɗe wani sashe na Yammacin Kogin Jordan da Isra'ila. A lokacin fa maganar ta yi nisa.

Kawu: Dakatarwa aka yi, ƙanwata. Shi Netanyahun da bakinsa ya ce shirin yana nan. Gine-ginen 'yan kama-wuri-zauna kuwa ba su tsaya ba.

Ɗalibin Khartoum: Kawu, ku ba ni dama in sa baki, don ina karatu a Sudan lokacin. Sudan ce abin tausayi. A Khartoum ɗin nan ne shugabannin Larabawa suka taru a 1967 suka ce babu sulhu da Isra'ila, babu amincewa da ita, babu tattaunawa. Sai ga shugaban Sudan Janar Burhan ya gana da Netanyahu a Entebbe ta Uganda a Fabrairun 2020. Mutane layin burodi da na man fetur suke bi tun asuba, fam ɗin Sudan kullum faɗuwa yake. Abin da gwamnati ke nema shi ne a cire ƙasar daga jerin Amurka na masu ɗaukar nauyin ta'addanci, don ta samu rance da sassaucin bashi. Sai da ta biya dala miliyan 335 diyya, sannan aka cire ta a Disamba 2020. A unguwarmu ban ji mai murna da Isra'ila ba, farashin burodi kowa ke tambaya. Cikakkiyar yarjejeniyar ma ba a kai ga sa mata hannu ba yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, muka tsero.

Malam: To ka ji, Alhaji. Mai yunwa za ka zarga?

Kawu: Ba talakan Sudan nake zargi ba. Wanda ya ɗaure bakin buhun nake nufi.

Auta: Ni tambaya ce da ni, Kawu. Nijeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, Babangida ya maido da ita a 1992, ofishin jakadancinsu yana Abuja. Chadi ma ta maido a 2019. Me ya sa namu ba laifi, na Larabawa ne cin amana?

Kawu: Saboda su suka yi alkawari, yaro. A taron Beirut na 2002 Yarima Abdullah na Saudiyya ya kawo tayi, duk suka amince: Isra'ila ta janye zuwa iyakokin 1967, a kafa ƙasar Falasɗinu mai babban birni a Gabashin Ƙudus, sannan a ƙulla hulɗa. Wannan kaɗai ne abin da ke hannunsu, sai suka bayar kafin a biya.

Malam: Shekara 18 tayin yana ajiye, Isra'ila ba ta karɓa ba. Sai su zauna jira har yaushe, ga Iran a ƙofar gida?

Hajiya: Saudiyya dai har yanzu ba ta sa hannu ba. A Satumban 2024 Yarima Muhammad bin Salman ya ce babu hulɗa sai an kafa ƙasar Falasɗinu.

Kawu: Shi ɗin ne a Satumban 2023 ya gaya wa Fox News cewa kullum ƙara kusantar juna suke yi da Isra'ila. Yaƙin Gaza ne ya sauya masa harshe.

Malam: Ko ma mene ne ya sauya shi, sharaɗin naka na 2002 ya dawo teburi. Auta, turo mana jawabin nasa mu karanta kafin Alhaji ya yanke masa hukunci.