Neman shawara: maus ɗin jikin laftof ɗina ya daina aiki

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min. Laftof ɗina HP EliteBook ce, ta hannu na saya, Windows 10 ne a kanta. Wurin nan da ake shafawa da yatsa ya tsaya cak, kibiyar ko motsi ba ta yi. Na kashe na kunna, shiru. Amma in na jona maus na waje, lafiya lau yake aiki. Ga shi ina tsakiyar rubuta furojet, kuma kuɗin gyara ba su da yawa a hannuna. Ta ina zan fara?

Wani memba: Wa alaikumus salam, Malama. Duba kusurwar sama ta hagu a wurin shafawar. In kin ga ɗigon haske ruwan lemo, to an kulle shi ne kawai. Ki taɓa wurin sau biyu da sauri, zai buɗe. EliteBook da ProBook da yawa haka suke, hannu kan taɓa wurin ba a sani ba.

Wata memba: In ba wannan ba ne, shiga Settings, sai Devices, sai Touchpad, ki tabbata a kunne yake. A ƙasansa akwai akwatin da ke barin sa ya ci gaba da aiki ko an jona maus. In babu alama a ciki, da kin jona na waje na jikin zai ɗauke. Masu laftof ɗin Acer kuwa su gwada danna maɓallan Fn da F7 tare, masu Asus Fn da F9.

Mai tambaya: Na gode. Babu hasken, kuma a Settings a kunne yake. Abin da na lura shi ne wurin ya ɗan taso sama, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, kuma tun kafin ya tsaya dannawa ta yi tauri.

Mai gyaran kwamfuta: To ƙanwata, tsaya nan. Da zan ce ki buɗe Device Manager ki cire direban Synaptics, wato manhajar da ke sarrafa wurin shafawar, ki sake kunna injin, amma wannan tasowar ta canza magana. A irin waɗannan laftof ɗin batir yana kwance ne a ƙarƙashin wurin shafawa. In ya tsufa, ko zafi ya yi masa yawa, iska kan taru a cikinsa ya kumbura, ya turo abin da ke samansa. Ki ɗora ta a kan teburi: in tana lilo, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, shi ne.

Ki cire caja yanzu, ki kwashe furojet ɗinki zuwa filas, ki kashe ta. Don Allah kada ki danne wurin da ƙarfi don ya koma, kada kuma a bari wani ya huda batirin, yana iya kamawa da wuta. Kar ki bar ta a kan katifa ko cikin rana.

Mai tambaya: Subhanallah, tana lilo kuwa. Ke nan sai na sayi sabon batir kafin in ci gaba da aiki?

Mai gyaran kwamfuta: A'a. Mai gyara ya cire kumburarren, za ta yi aiki da caja kaɗai, sai dai da an ɗauke wuta za ta mutu, don haka ki riƙa adana aikinki a kai a kai. Sau da yawa wurin shafawar kan dawo da kansa. In bai dawo ba, ya duba siririyar wayar da ta haɗa shi da injin, wataƙila kumburin ya zare ta. In za ki sayi batir, ki ɗauki hoton lambar da ke jikin tsohon ki tafi da hoton kasuwa.